Faɗaɗa ramin janti don ya hau wata mota: me ake yankewa, kuma wa ke ɗaukar kasadar?

Mutum ya sami janti huɗu masu kyau, wato ƙarfen da taya ke zagaye da shi, a hannun mai kayan gwanjo. Ƙusa shida ne, kamar na Hilux ɗinsa. Ya ɗora ɗaya, ramukan ƙusa sun yi daidai, amma jantin ya ƙi zama: ramin tsakiya ya yi ƙanƙanta, ya tsaya a bakin ƙarfe ya ƙi shigewa. Sai wani a gareji ya ce: "Kai shi wurin mai tur, mai injin nan da ke juya ƙarfe yana fere shi, ya ƙara masa faɗi, aikin rabin awa ne." Wani kuma ya ce kada ya kuskura, ai kashe kai ne. Wanne ne mai gaskiya?

Wannan gardama ana yin ta a garejin Tahoua kusan kullum, kuma abin da ya dame ni shi ne ɓangarorin biyu duk da kuskuren fahimta suke kafa hujja. Masu cewa a yanka suna ganin ramin tsakiya ba ya aikin komai, noti ne ke riƙe da ƙafa. Masu hanawa suna ganin a kan ramin nan nauyin mota gaba ɗaya yake zaune. Babu wanda ya faɗi daidai a cikinsu. Kuma muddin ba a gane ainihin aikin ramin ba, ba za a iya bambance yankan da za a iya lamunta da wanda ke jefa ran mutane cikin haɗari ba.

Me ya sa maganar ta yi yawa a 'yan shekarun nan

Dalili na farko lalacewar hanya ce. Duk wanda ke bin titin Tahoua zuwa Abalak har Agadez, wanda aka shimfiɗa tun don jigilar uraniyom, ya san yadda bakin kwaltar da ya karye ke lanƙwasa janti. Mota ta faɗa rami da lodi, bakin janti ya lotsa, taya ya fara zubar da iska. Masu zuwa Keita da Bouza su yi fama da duwatsun Adar, masu shiga Tchintabaraden su yi fama da rairayi da tsakuwa. Janti a nan kayan da ke ƙarewa ne, ba abin da ke rayuwa tsawon ran mota ba.

Na biyu kuma samun kayan gyara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, hanyar Kwatano zuwa Gaya da mafi yawan motocin gwanjo da kayan gyaransu ke bi ta tsaya. Ko bayan da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024, gadar Gaya ba ta koma aiki kamar da ba, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Tafiya ta yi nisa, kuɗin dako ya ƙaru. Mai mota da ke neman jantin Toyota na asali sai ya tarar ko babu, ko kuɗin ya fi ƙarfinsa, ga kuma na Ford ko na Mitsubishi a gefe da araha, ƙusa shida shi ma. Ba ganganci ke kai mutane wurin mai tur ba. Motar ita ce abincin gida, kuma yini ɗaya da ta yi a jingine asara ce.

Ramin tsakiya: mene ne aikinsa?

Mu fara da sunayen abubuwa. Janti, wanda 'yan'uwanmu na ƙetaren Konni ke ce wa rim, shi ne ƙarfen da taya ke zagaye da shi. Yana zama ne a kan wani faffaɗan ƙarfe mai juyawa a ƙarshen aksil, wanda bakanikenmu ke kira mwayo, a Najeriya kuma a ce hob. A nan zan kira shi mazauni. A fuskar mazauni akwai ƙusoshi masu zare da noti ke hawa, sannan a tsakiyarsa akwai wani ɗan wuya da ya turo waje. Wannan wuyan ne ke shiga ramin tsakiyar janti.

Abin da ke riƙe nauyin mota ba wuyan ba ne, kuma ba ƙusoshin ne ke tallabe shi kamar yadda turaku ke tallabe rumfa ba. Matsi ne. Ka ɗauki faifai ka matse shi tsakanin tafin hannunka biyu: babu yatsan da ke ƙarƙashinsa, amma ba zai faɗi ba muddin kana matsawa. Haka noti ke yi. Idan aka ɗaure shi yadda ya kamata, yana jan ƙusa ta ɗan miƙe kamar roba mai tauri, ita kuma ta manne bayan janti da fuskar mazauni. A mota irin Hilux kowace ƙusa tana matsawa da ƙarfin tan uku zuwa huɗu, shida ɗin a haɗe wajen tan 20. Wannan mannewar ce ke ɗaukar lodi, da birki, da kwana.

To ramin fa? Aikinsa ya ajiye janti a tsakiya daidai kafin a ɗaure, kamar yadda leɓen murfi ke zaunar da shi a bakin tukunya. Idan janti ya zauna a karkace aka ɗaure shi a haka, a karkacen zai yi ta juyawa. Akwai kuma aiki na biyu da ba a cika faɗa ba: ranar da mota ta daki rami da ƙarfi har janti ya so ya zame, wuyan nan ne ke tare shi kafin bugun ya sauka a kan ƙusoshi.

Sai dai ba duk janti ne ke dogara ga ramin don samun tsakiya ba, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Ka ciro noti ɗaya ka dubi gindinsa. Idan gindin a fiƙe yake kamar bakin mazurari, shi da kansa yana jan janti zuwa tsakiya yayin da yake shiga ramin ƙusa. Irin wannan ake samu a yawancin jantin ƙarfe. Idan kuwa gindin shimfiɗaɗɗe ne mai wasa, wato ɗan zoben ƙarfe a ƙarƙashinsa, irin wanda Toyota ke sa wa jantinta na alminiyo, to ba ya jan komai, matsawa kawai yake yi, ramin tsakiya ne ke da babban alhakin daidaita ƙafa. Akwai na uku mai gindi kamar rabin ƙwallo, wanda ake gani a motocin Jamus. Kowane janti da irin notin da aka yi shi dominsa. Mutum ya sayi jantin wata mota, ya faɗaɗa ramin, ya mayar da tsohon notinsa, noti mai wasa a kan rami mai mazurari: zai ji ya ɗauru tamau a hannu, alhali a ɗan siririn baki kawai yake taɓawa. Bayan 'yan kilomita ƙarfen ya ci, matsin nan na tan 20 ya tafi.

Ƙusa shida ba ita ce ke nan ba

Abin da ke ruɗin mutane shi ne motoci da yawa sun yi tarayya a tsarin ƙusa. Idan ka zana da'ira ta bi ta tsakiyar ƙusoshi shida na Hilux, faɗinta milimita 139.7 ne, wato inci biyar da rabi. Haka yake a Prado, da Nissan Patrol, da Ford Ranger, da Isuzu D-Max, da Mitsubishi L200. Amma ramin tsakiya kowa da nasa. Na Hilux da tsofaffin Prado milimita 106.1. Na tsofaffin Patrol 110. Na D-Max kusan 100. Na Ranger 93.1. Na L200 da Pajero na baya-bayan nan 67.1 kacal. Ko a cikin gidan Toyota ma ba a haɗu ba: Land Cruiser 79 da ake ji da ita a sahara ƙusa biyar gare ta a kan da'irar milimita 150, Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta koma ƙusa shida amma raminta 95.1 ne, ƙusoshinta kuma sun fi na Hilux kauri.

Girman ramin Toyota da na Patrol yana da dalili. Tsofaffin motoci masu jan ƙafa huɗu suna da wani kan ƙarfe a ƙafar gaba da direba ke sauka ya murɗa da hannu kafin ya shiga yashi, dole janti ya sami ƙofar da wannan kan zai wuce.

Yanzu a yi lissafi. Daga na D-Max zuwa na Hilux, milimita 3 za a ci a kowane gefe. Daga na Ranger, shida da rabi. Daga na L200, kusan 20 a kowane gefe, wato faɗin ɗan yatsa a zagaye gaba ɗaya. Duk sunansu "ƙara faɗi", amma na farko kankara ce, na ƙarshe kuwa cire zuciyar janti ne. Kuma idan aka kai ramin 106, abin da ya rage tsakanin bakinsa da bakin ramin ƙusa bai kai santimita ɗaya ba. A jantin da aka ƙera da wannan girman tun asali, maƙerin ya san da haka ya ƙarfafa wurin. A wanda aka yanka daga baya, babu wanda ya yi wannan tanadi.

Ko ramin ya yi daidai, da sauran rina a kaba. Akwai zurfin zama, wato yadda janti ke shigewa ciki ko turowa waje, wanda ake buga shi a bayan janti da haruffan ET. Na Hilux yana wajen 30, na Ranger wajen 55. Bambancin santimita biyu da rabi ke nan zuwa ciki, kuma ya isa taya ya riƙa gugar ƙarfen ƙafa idan an karya sitiyari, ko janti ya taɓa birki. Wanda ya turo waje da yawa kuma boris yake ci. Sai nauyin da aka ƙera jantin ya ɗauka: na motar iyali da ke yawo a titin Turai ba ɗaya yake da na a-kori-kurar da za a loda wa buhunan albasa daga Galmi ba. Masu ƙera janti a Japan har tambari daban suke bugawa, JWL ga ƙananan motoci, JWL-T ga masu ɗaukar kaya.

Shi ya sa nake ganin ƙin hawan da janti ya yi saƙo ne. Yana gaya maka don wata mota aka yi shi, ka duba sauran ma'aunai kafin ka taɓa wannan.

Abin da wuƙa ke cirewa

Na raka wani yayana wurin wani tsohon mai tur da jantin alminiyo huɗu na Ranger da ya saya wa motarsa Toyota. Tsohon bai ce komai ba sai da ya kifa ɗaya a ƙasa, ya goge bayansa da tsumma, ya ɗauko ma'auninsa mai baki biyu ya gwada ramin ta wurare uku.

"Alhaji, zo ka gani. Ka ga waɗannan ramukan da ke tsakanin ƙusa da ƙusa? Ba a cike bayan yake ba, an rarake shi don a rage nauyi. In na ci shida da rabi, bangon da zai rage a nan bai fi kaurin farce biyu ba."

"To Baba, ba za a iya ba ke nan?"

"Injin zai iya. Ni ne ba zan yi ba. Kana ɗaukar mutane."

Yayana bai ji daɗi ba, don kuɗinsa sun riga sun fita. Amma abin da tsohon ya nuna shi ne gaskiyar jantin alminiyo: daga gaba kamar dunƙulen ƙarfe ne mai kauri, daga baya kuwa wani a cike yake, wani a rarake. Wanda yake a cike, aka ci masa milimita biyu ko uku a kan tur mai kyau, bai rasa wani ƙarfi na a-zo-a-gani ba. Masu ƙera jantin kasuwa ma haka suke yi, su zuba samfuri ɗaya su huda ramin gwargwadon motar da za a sa wa. Wannan ita ce hujjar masu cewa a yanka, kuma a wannan iyakar suna da gaskiya.

Jantin ƙarfe labarinsa daban, kuma mutane sun ɗauke shi a juye. Ana ganin tunda ƙarfe ne ya fi jure yanka. Alhali tsakiyarsa falle ne na ƙarfe mai kaurin 'yan milimita da aka danna da inji ya ɗauki siffa, ƙarfinsa kuma daga siffar yake fitowa. Ka shafa bakin raminsa za ka ji an lanƙwasa shi ya yi leɓe. Kwanon sha mai naɗaɗɗen baki ka matsa shi ba ya lotsawa, amma ka yanke bakin ka ga yadda yake laƙwas. Wannan leɓen shi ne abu na farko da ke tafiya idan aka faɗaɗa ramin. Abin da ke saura falle ne mai kaifi, kusa da ramukan ƙusa, daidai inda ƙarfe ya fi shan wahala a kowane juyi.

Sai yadda ake yankan. Tur mai girman da zai ɗauki janti ba kowane shago ke da shi ba, don haka da yawa a wurin mai walda aikin ke ƙarewa: a zana da'ira da alli, a bi ta da wutar gas, a goge da injin gurza ƙarfe. Wannan ba faɗaɗawa ba ne, ɓarna ce. Wuta tana canja halin ƙarfen da ke gefen yankan, a alminiyo kuwa ta fi muni, domin ƙarfinsa daga gashin wuta da aka yi masa a masana'anta yake, zafi kuma yana warware shi ba tare da ido ya ga alama ba. Bakin da wuta ta bari yana da tsaga-tsaga ƙanana, kowace ɗaya mafarin tsagewa ce. Kuma babu hannun da zai zagaya da'ira da wuta ya sami tsakiya daidai.

Akwai masu barin janti su kai mazaunin a rage masa wuya, da masu tsawaita ramukan ƙusa da zarto don jantin da tsarin ƙusarsa ma bai zo ɗaya ba. Na biyun nan babu wata fuska da za a kare shi.

Milimita ɗaya

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki bai sani ba. Tayar Hilux tana cin ƙasa wajen mita biyu da rabi a kowane juyi. A gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa sau 11 a daƙiƙa guda. Janti da taya a haɗe sun kai kilo 30. Idan ramin ya kauce daga tsakiya da milimita ɗaya tak, a wannan gudun ƙafar tana fizgar mazauni da ƙarfin da ya kai kilo 15, sama, gaba, ƙasa, baya, sau 11 kowace daƙiƙa. Daga Tahoua zuwa Agadez, tafiyar kilomita 400 da 'yan kai, ƙafa za ta juya fiye da sau 160,000.

Direba yana jin abin a sitiyari, rawa da ke farawa wajen gudun 80 ta ƙaru. Sai a kai motar wurin injin daidaita nauyin taya a liƙa dalma. Amma injin nan da ramin tsakiya yake kama janti. Idan ramin a karkace yake, dalma za ta gyara nauyi, ba za ta hana taya tsalle ba, tunda da'irarta ba ta zagaye tsakiyar da take juyawa a kai. A sake kai wa, a sake liƙa dalma, rawa tana nan. Taya ya cinye gefe ɗaya, boris ya fara kuka, a canja shi a ce na jabu ne. Arahar da aka samu a janti a nan take zurarewa.

Mai tur da ya san aikinsa ba daga tsohon ramin kawai yake ɗaukar tsakiya ba. Yana ɗaure jantin ya juya shi a hankali da agogon awo a kan inda bakin taya ke zama, sai allura ta daina rawa sannan ya sa wuƙa. Yana cin kaɗan-kaɗan yana gwadawa, ya bar ramin ya fi wuya da ɗan abin da bai kai kaurin takarda biyu ba, sannan ya fiƙe bakin baya don janti ya kwanta a fuskar mazauni sosai. Wannan fiƙewar ana yawan mantawa da ita. Gindin wuyan mazauni ba kusurwa ce mai kaifi ba, a ɗan zagaye yake, jantin da ba a fiƙe ba a kan wannan zagayen zai hau ya bar rata a baya.

Babbar mota: a nan babu gardama

Duk abin da na faɗa na sassauci a kan ƙananan motoci ne. Kamiyo da tirela ba sa ciki. Mercedes, Renault, DAF, MAN da Howo na Sin da suka cika hanyoyinmu galibi tsari ɗaya suke bi: ƙusa goma a kan da'irar milimita 335, ramin tsakiya 281. Notinsu shimfiɗaɗɗe ne mai wasa, kuma ramin ƙusa ya fi ƙusar faɗi, milimita 26 a kan 22. Ma'ana babu abin da ke ajiye ƙafar a tsakiya sai ramin nan da 'yan harsunan da ke jikin mazauni. A baya kuma janti biyu ne a jere a kan harsunan guda. Ka ƙara wa ramin faɗi, ka saki ƙafa mai nauyin fiye da kilo 100 ta zauna duk inda ta ga dama cikin ratar milimita biyu ta kowane gefe, a ƙarƙashin lodin tan da yawa.

Jantin manyan motocin Amurka ƙusa goma ne su ma, amma da'irarsu 285.75 ce, raminsu wajen 220, ba sa haɗuwa da na Turai ta kowace hanya. Tsofaffin manyan motocin Japan kuma notin gefen hagu a juye yake ɗauruwa. Haka tsofaffin jantin da noti mai rabin ƙwallo ke daidaitawa ba a gauraya su da na zamani a mazauni ɗaya, ko da sun hau.

Ƙafar babbar mota idan ta fita ba faɗuwa take yi ta kwanta ba, gudu take ci gaba da yi da saurin motar. A watan Janairun 2002 a birnin Yokohama na Japan, ƙafar wata tirelar Mitsubishi ta fita sakamakon karyewar mazauni, ta gangara ta kashe wata uwa da ke tafiya a gefen hanya da 'ya'yanta. Wannan a ƙasar da ake binciken mota da tsanani ke nan. Ka tuna yadda titinmu ke ratsa tsakiyar Badaguichiri ranar kasuwa, da masu talla a bakin kwalta, da amalanke, da yara.

To ina mafita ga mai ƙaramar mota?

Masu hanawa gaba ɗaya suna da hujja mai ƙarfi: babu masana'antar da ke tsaya wa jantin da aka yanka, kuma a ƙasa irin Jamus taɓa shi da wuƙa yana soke izinin hawansa titi. Masu yarda kuma suna cewa motoci nawa ke yawo da yankakken janti shekara da shekaru lafiya. Gaskiya ne akwai su. Amma wanda ƙafarsa ta fita a dajin Abalak ba ya dawowa gareji ya ba da labari a matsayin laifin yanka, cewa ake yi noti ya kwance, ko ƙusa ta karye, ko ƙaddara. Ba wanda ke komawa ya tambayi abin da ya kwance notin.

A ganina hanya mafi sauƙi ita ce a juya lissafin. Maimakon janti mai ƙaramin rami a yanka, a nemi mai babban rami a cike. Jantin da raminsa 110 ne yana hawa mazaunin 106 da siririn zobe da ke cike ratar, kuma wannan zoben aiki ne da kowane mai tur zai fitar daga guntun alminiyo ba tare da an raunana komai ba. Akwai na roba da ake sayarwa, amma ga zafin birki da zafin watan Afrilu a Adar na ƙarfe ya fi. Nan ma sai an duba zurfin zama da irin noti, kuma a san zaren ƙusar Nissan ba ɗaya yake da na Toyota ba, notin wannan ba ya hawa ƙusar wancan sai dai ya cinye ta. Musanya ma hanya ce: yayana daga baya ya sami mai Ranger ya karɓi nasa, ya cika kuɗi kaɗan ya ɗauki na ƙarfe na Toyota. Ba su kai waɗancan kyau ba, suna ƙarƙashin motar har yau.

Idan kuwa dole sai an yanka, to ya zama jantin alminiyo mai cikakken baya, abin da za a ci kaɗan ne, a kan tur, da notin da ya dace da jantin, kuma motar ba ta haya ba ce. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne wanda na fi riƙewa. Mai mota ya san abin da aka yi wa ƙafarsa, ya zaɓa. Matar da ta biya kuɗin mota daga Tahoua zuwa ƙauyensu ta hau bisa buhuna da goyo ba ta sani ba, ba ta kuma da hanyar sani, domin murfi da ƙura sun rufe wurin. Wanda zai sayi motar nan gaba shi ma bai sani ba sai in an gaya masa, kuma ɓoye masa aibi ne a ciniki.

Ɗauri kuma yana da nasa haƙƙi, ko da janti na asali ne. A kankare tsatsa da yashi daga fuskar mazauni, a ɗaure noti a tsallake-tsallake ba a jere ba, a sake bi bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko. Notin Hilux ƙarfin hannu ɗaya da sifanar da ta zo da motar ya ishe shi. Yaron mota da ke zura dogon bututu ya hau yana tsalle a kai yana miƙar da ƙusa ne fiye da yadda za ta iya dawowa, ƙusar da ta miƙe kuma ba ta ƙara matsawa.

Janti yana ba da alama kafin ya saki. Jan layin tsatsa da ke fitowa daga gindin noti ya nufi waje, ko baƙar ƙura mai ƙyalli a na alminiyo, shaida ce cewa yana motsi a ƙarƙashin noti. Ramin ƙusa da ya koma kamar ƙwai shi ma haka. Na ga irin wannan a wurin wani mai faci a hanyar fita gari: jantin ƙarfe ne da aka buɗe wa tsakiya da wuta, bakin duk tabon gurza. Yaron shagon ne ya lura da jan layin yana cikin cire taya, ya kira direban.

"Maigida, dubi nan."

Da aka wanke wurin da fetur sai ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga bakin yankan ta shiga ramin ƙusa, wata kuma ta kama hanyar na kusa da shi. Uku daga cikin shida sun tsage. Motar ta taso ne daga kasuwa da mutane goma sha wani abu a baya, da awaki biyu. Direban ya daɗe a tsugune yana kallon wurin bai ce komai ba, sannan ya sa aka ɗaura safaya, ya ce a duba masa sauran ukun tun kafin fasinja su koma. Jantin bai bar wurin ba. Mai ƙosan da ke gefen shagon ta karɓa, a kansa take ɗora kaskonta yanzu.